Kilim ɗin mota a Madarunfa: gaz ba ya ƙarewa, tsiyayewa yake yi

Da zarar hunturu ya kau, watan Maris ya kama, sai zafin bazara ya fara sauka a kan jihar Maraɗi, har a kai watannin Afrilu da Mayu inda ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 da tsakar rana. A wannan lokaci ne masu motoci na gundumar Madarunfa, daga Ɗan Isa zuwa Gabi, daga Safo zuwa Jiratawa, suke tunawa da wani ɗan maɓalli da suka manta da shi tun kaka. Mutum ya danna, fanka ta tashi, amma iskar da ke fitowa ba ta da maraba da hucin maƙera. Sai a kama hanyar Maraɗi, kimanin kilomita 25, ko kuwa a tsallaka Jibiya da Katsina, a tsaya gaban mai gyara a ce masa: "Malam, gaz ya ƙare, a ƙara mini." Shi kuma ya amsa: "An gama, Alhaji." Kafin rabin sa'a an ɗura, sanyi ya dawo, an biya, kowa ya kama gabansa. Bayan wata biyu ko uku, sai a sake dawowa da magana guda.

Wannan kalma ta "gaz ya ƙare" ta zauna a bakin jama'a har ta zama kamar gaskiya, alhali kuwa kuskure ce, kuma kuskuren da ke cin kuɗin mutane kowace shekara. Fetur yana ƙarewa domin inji yana ƙona shi. Gaz ɗin girki yana ƙarewa domin wuta tana cin sa. Amma gaz ɗin na'urar sanyaya mota, wadda mu a nan muke kira kilim, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma suke kira esi, babu abin da ke ƙona shi, babu abin da ke shan sa. A rufe yake cikin bututu, yana kewayawa, ya je ya dawo, tun ranar da aka ƙera motar. Idan ya ragu, to, wata kafa ya samu ya fice. Wanda kuwa ya ƙara gaz bai toshe kafar ba, ya yi daidai da mai kai tsagaggen tulu bakin rijiya.

Gaskiya ne, ko mota mai lafiya takan rasa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ta jikin tiyo na roba da ta bakin kwamfaresa, har bayan shekaru da dama a iya jin sanyi ya ɗan ja baya. Wannan daban. Amma motar da take neman ƙari kowace bazara, balle kowane wata, yoyo take yi.

Daga randa zuwa kwamfaresa

Kowace uwargida a Madarunfa ta san dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na bokitin ƙarfe sanyi. Randa tana gumi, gumin yana bushewa, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya kwashi zafi daga abin da yake jikinsa. Haka zufa take yi mana. A kan wannan ƙa'ida kilim yake aiki, sai dai maimakon ruwa yana amfani da wani sinadari mai saurin tafasa. Wanda ya fi yawa a cikin motocinmu, mai suna R134a, yana tafasa tun a digiri 26 ƙasa da sifiri idan aka sake shi a sarari. Dabarar masu ƙera mota ita ce su sa shi ya tafasa a cikin mota, ya kwashi zafin da ke ciki, sa'an nan su fitar da shi waje su matsa shi ya koma ruwa, ya zubar da zafin, ya sake dawowa.

Kwamfaresa shi ne zuciyar wannan aiki. Inji ne ke juya shi da bel. Yana zuƙo gaz, ya matsa shi da ƙarfi har ya yi zafi ƙwarai, ya tura shi cikin kondansa, wato wannan faifan mai ƙananan haƙarƙarin alminiyam da ke tsaye gaban radiyata. Iskar hanya da ta fanka su kwashe zafin, gaz ya zama ruwa. Daga nan ya bi ta cikin matata, wani ɗan gwangwani mai ƙwayoyin da ke shanye laima, ya isa wata ƴar matsattsiyar ƙofa wadda masu gyara suke kira detanda. Yana ratsa ta sai matsi ya faɗi, ya fantsama cikin ebaforata, wani ƙaramin radiyata da ke ɓoye a bayan allon da ke gaban direba. A nan yake tafasa, ƙarfen ya yi sanyi, fanka ta hura iska ta kansa zuwa ga mutanen da ke zaune. Sa'an nan ya koma ga kwamfaresa, tafiya ta sake sabuwa.

Akwai abu guda cikin wannan kewaye da masu motoci da yawa ba su sani ba, kuma shi ne ya fi tsada. Kwamfaresa ba shi da tukunyar mai tasa kamar inji. Mansa yana gauraye da gaz, tare suke tafiya, tare suke dawowa. Idan gaz ya ragu, man da ke komowa ya ragu. Idan yoyo ya fitar da gaz, yana fitar da mai tare da shi. Mai mota ya ƙara gaz sau uku, sau huɗu, ba a taɓa duba mai ba, wata rana a tsakiyar hanyar Ɗan Isa sai a ji ƙara, kwamfaresa ya ci kansa. Kuma ba ya mutuwa shi kaɗai: garin ƙarfen da ya niƙe yana watsuwa cikin bututu da kondansa da detanda. Wanda ya ɗaura sabon kwamfaresa bai wanke hanyar ba, bai canja matata ba, to, sabon ma kwanansa kaɗan ne. Aikin da zai tsaya a kan ɗan zoben roba na ƴan daloli sai ya zama na jikkuna masu yawa.

Abin da hanyoyinmu ke yi wa kilim

Mafi yawan motocin da ke kai da kawowa a wannan gunduma ba sababbi aka sayo su ba. Sun yi shekaru a Turai ko Amurka, sun hau jirgin ruwa, sun sauka a Kwatano ko Lome, sa'an nan suka yi doguwar tafiya zuwa nan. Robobinsu sun riga sun tsufa tun kafin su ga ranar Maraɗi. Sai kuma su tarar da abin da ba su saba da shi ba. In ka bar manyan hanyoyin kwalta, sauran hanyoyin ƙauyuka yashi ne da jar ƙasa da gargada. Girgiza tana sassauta mahaɗar bututu, tana sa tiyo ya goga jikin ƙarfe har ya huje, tsakuwa kuma tana tashi ta doki kondansa, wanda ba shi da kauri.

Sa'an nan ga ƙura. Iskar hunturu da ke ɗauko ta tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi tana cusa ta cikin haƙarƙarin kondansa tun daga Disamba har Fabrairu, a daidai lokacin da ba wanda ke kunna kilim balle ya lura. Da damina kuwa, mai bin gefen gulbi ko bakin tafkin Madarunfa yana kwaso taɓo, taɓon ya bushe ya zama kamar yaɓe. Kondansan da ya toshe ba ya iya zubar da zafi. Matsi ya hau, sanyi ya ragu, inji ma ya fara zafi, tun da radiyata a bayansa yake, iska ɗaya suke sha. A nan gaz cike yake, bai ragu da komai ba. Amma mai mota zai zo ya ce gaz ya ƙare, mai gyara marar haƙuri kuma ya ƙara masa. Gaz ya yi yawa, matsi ya ƙara hawa, an je neman ƙiba an samo rama.

Ƙurar nan dai tana da amfani guda, kuma mai gyara na ƙwarai ya san shi. Tun da mai yana fita tare da gaz, duk inda ake yoyo yakan yi danshin mai, ƙura ta manne a wurin ta yi baƙin tabo. A buɗe murfin inji a bi bututun da ido: mahaɗar da ta yi dabbare-dabbare alhali ƴan'uwanta a bushe suke, ita ce abin zargi.

Kafin a taɓa kwalbar gaz, akwai alamu da direba da kansa zai iya karantawa. Motar da ke sanyi idan tana gudu, amma ta daina da an tsaya a shingen ƴan duwan ko cikin cunkoson kasuwa, sau da yawa fankar gaba ce ta mutu ko kondansa ya toshe. Idan iska tana da sanyi amma ba ta fitowa da ƙarfi, a duba matatar ƙura ta cikin mota, wadda a motoci da dama take bayan ƙaramin akwatin da ke gaban fasinja. Wasu masu motoci har su sayar da motar ba su san tana da ita ba. Idan aka danna maɓalli ba a ji ɗan ƙaran kamawar kwamfaresa ba, yana iya zama fiyus ne ko waya, ko kuwa gaz ya yi ƙasa har na'urar tsaro ta hana shi tashi. Wannan na'ura ba don ado aka sa ta ba. Mai gyaran da ya haɗa waya ya tsallake ta domin kwamfaresa ya juya ko ta halin ƙaƙa, ya yanke wa kwamfaresan hukunci. Idan kuma sanyi yana zuwa ya ɗauke, a kashe a jima ya dawo, to, ana zargin laima ta shiga, tana daskarewa a ƙofar detanda. Ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin mota idan kilim yana aiki kuwa ba ciwo ba ne, raɓar iska ce. Sai in ya koma yana jiƙa ƙafar fasinja, a san bututun fitarsa ya toshe.

Yadda aikin ƙwarai yake

Mai gyaran da ya san sana'arsa ana gane shi tun daga kayan da ke gabansa: agogo biyu na auna matsi, famfon zuƙe iska, da sikeli. In babu na biyu da na uku, ɗuri kawai ake yi a wurin.

Farkon aiki neman kafa. Idan ido bai gano ta ba, akan cika bututun da iskar nitirojin, a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, a jira inda zai yi ƙwai. Wasu suna zuba wani rini da ke haskawa idan aka dalla masa fitila ta musamman. A nan wajibi ne a ja kunne da babbar murya: kada a kuskura a gwada yoyo da iskar oksijin ta masu walda. Oksijin da mai idan suka haɗu cikin matsi, fashewa suke yi. Ko iskar famfon taya ba ta dace ba, domin laima take shigarwa.

An gano kafa, an canja zoben roba ko tiyo ko kondansa. Idan bututun ya daɗe a buɗe, ko an canja kwamfaresa, dole matata ma ta tafi, domin ƙwayoyinta sun riga sun ƙoshi da laima. Sa'an nan a jona famfon zuƙe iska, a bar shi yana aiki aƙalla minti 30. Wannan mataki shi ne wanda aka fi tsallakewa, don yana cin lokaci kuma mai mota ba ya ganin amfaninsa da ido. Ga amfanin: idan aka zuƙe iska, matsi ya faɗi ƙwarai, ruwan da ke maƙale a ciki yana tafasa ko da babu wuta, ya fita a matsayin tururi. In aka bar shi, yana haɗuwa da man kwamfaresa, wanda yake da kwaɗayin laima, su zama tsami mai cin alminiyam daga ciki. Bayan an kashe famfo, a bar agogo na ɗan lokaci. Idan allura ta tsaya cik, bututu ya rufu. Idan ta fara komawa, da sauran aiki. Wasu sukan buɗe gaz kaɗan ya fesa waje su ce ya kori iska. Bai kore ta duka ba, laima tana nan, gaz kuma ya tafi a banza.

Daga nan sai ɗuri, kuma ɗuri da sikeli ake yin sa. Kowace mota tana da ƴar takarda manne a ƙarƙashin murfin inji ko kusa da radiyata, wadda ta faɗi irin gaz da nauyinsa da irin man da ake sawa. Ƙananan motoci galibi tsakanin giram 450 ne zuwa 800. Manya masu kilim gaba da baya suna wuce kilo guda. Ba a auna wannan da tafin hannu a bakin iska, ba a auna shi da sanyin bututu. Agogo ma, idan mota a kashe take, ba ya faɗin yawan gaz: muddin akwai sauran ruwansa a ciki, matsin da allura za ta nuna na zafin gari ne, ko bututun cike yake ko rabi. Don haka ne maganar "Alhaji, ga agogo, gaz ɗinka cike yake" ba hujja ba ce, haka ma kishiyarta. Idan an gama, a tayar da mota a saka ma'aunin zafi a bakin iska. Kilim mai lafiya yakan ba da wajen digiri 5 zuwa 10, ko ɗan sama da haka idan rana ta take.

Mai wannan aiki ya kiyayi idonsa da hannunsa, domin ruwan gaz yana ƙona fata da sanyi nan take. Kada a yi walda a kan bututun da ke da gaz, kada a sha taba kusa, gama wuta tana mai da shi guba. Ya kuma fi iska nauyi, yana taruwa a ramin gareji.

Abin da ke cikin kwalba

Madarunfa a bakin iyaka take, kuma kaya iri-iri suna shigowa ta kowace fuska, nagari da mugu. Gaz ɗin kilim bai tsira daga ƴan jabu ba. Launin kwalba da rubutun jikinta ba shaida ba ne, tun da ana sake cika tsohuwar kwalba da abin da aka ga dama. Akwai R22 na kilim ɗin ɗaki, wanda matsinsa ya fi ƙarfin tiyon mota. Akwai gaz ɗin girki, wanda lalle yana ba da sanyi, kuma ya fi araha, amma mu tuna inda ebaforata take: a cikin mota, gaban gwiwar fasinja, kusa da wayoyin lantarki. Tsohuwar mota mai yoyo, tagogi a rufe, wani ya ƙyasta ashana. Araha ba ta ado.

Mafi muni shi ne wani sinadari mai lamba R40 da ƴan damfara suke gaurayawa cikin R134a. Yana cin alminiyam, ya haifar da wani abu mai kamawa da wuta da zarar ya haɗu da iska. A shekarar 2011 kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a ƙasashen Biyetnam da Barazil sanadin wannan jabu, ma'aikata uku suka rasa rayukansu. Kwamfaresan mota kuwa galibinsa alminiyam ne. Akwai gwaji mai sauƙi da ke kama wani ɓangare na ha'incin: a ajiye kwalba a inuwa ta huce, a jona agogo. A zafin digiri 30, R134a na gaskiya yakan nuna kusan bar 7, R22 kuwa kusan bar 11. Wannan gwaji ba ya tona asirin kowace gauraya. Sai na'urar tantance gaz ce ke yin haka. Abin da ya rage wa mai gyara shi ne ya san dillalinsa, ya kuma yi shakkar duk kwalbar da kuɗinta ya faɗi ƙasa da na kasuwa.

Me ya kawo hukuma cikin zancen?

Mai karatu yana iya tambaya, in mutum ya ga dama ya zubar da kuɗinsa a iska, ina ruwan wani? Amsar tana cikin tarihin wannan sinadari. Kamfanin Packard na Amurka ne ya fara sayar da mota mai kilim a 1939, kuma tun daga lokacin har shekaru hamsin, gaz ɗin da ake amfani da shi R12 ne, wanda tsofaffin direbobi suka sani da sunan fireyon. Shi ne a cikin Peugeot 504 masu kilim, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar can a 1975. A 1974 masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka bayyana cewa irin wannan gaz yana hawa can sararin sama yana cinye ozon, wato labulen iskar da ke tare mana mugun ɓangaren hasken rana mai kawo ciwon dajin fata da yanar ido. A 1985 masu bincike na Ingila suka tabbatar da cewa labulen ya yi rauni ƙwarai a saman ƙurewar kudancin duniya. Ranar 16 ga Satumba 1987 ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montiriyal ta ƙasar Kanada, ƙasarmu Nijar kuma ta shiga cikinta a 1992. Masu ƙera motoci suka koma R134a a farkon shekarun 1990, ƙasashe masu tasowa kuma aka ba su wa'adin 2010 su daina shigo da R12 baki ɗaya. A 2005 ƙungiyar UEMOA ta daidaita dokokin ƙasashenta game da shigo da irin waɗannan sinadarai.

R134a ba ya taɓa ozon, amma an tarar yana da nasa laifin: yana tare zafi a sararin duniya. Kilo ɗaya nasa yana daidai da kilo 1,430 na iskar da inji ke fitarwa idan ya ƙona mai. Mu yi lissafi da motar da ke cin giram 600. Idan duka ya tsiyaye, daidai yake da kusan kilo 860 na wannan iska, wato abin da za a samu in an ƙona lita 370 na fetur. Motar da ake cikawa sau biyu a bazara, sai a ninka. Mu mutanen Sahel, da damina take yi mana wasa, tafki yake cika yana janyewa gwargwadon abin da sama ta bayar, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani a kan ɗumamar duniya ba, ko da yake kasonmu cikin laifin kaɗan ne.

Saboda haka ne a watan Oktoba 2016 aka yi wa yarjejeniyar gyara a Kigali, babban birnin Ruwanda. Maƙwabciyarmu Mali ce ta fara amincewa da gyaran a 2017, Nijar ta bi a 2018. Ga rukunin ƙasashen da muke ciki, an tsayar da yawan abin da za a shigo da shi daga 2024, za a rage kashi 10 cikin ɗari a 2029, a ci gaba da ragewa har kashi 80 a 2045. Ma'anar wannan ga mai mota a Madarunfa a fili take: abin da ake rage shigowarsa ba ya ƙara araha, kuma tsada ita ce abincin ƴan jabu. Akwai asusun ƙasa da ƙasa da ke tallafa wa ƙasashe irin tamu wajen horar da masu gyaran firigo da kilim da ƴan duwan, ta hannun ofishin kula da ozon na ma'aikatar muhalli. Ra'ayinmu shi ne irin wannan horo da kayan aikinsa su riƙa isa har gundumomin bakin iyaka, kada su tsaya a Yamai da manyan birane, domin ta nan kwalabe suke shigowa. Haka kuma hukumomin da ke da motoci, musamman na ɗaukar marasa lafiya daga ƙauyuka zuwa Maraɗi, ya dace su sa duba kilim cikin jadawalin gyaran shekara tun a watan Fabrairu. Mace mai naƙuda ko yaro mai zazzaɓi a bayan rufaffiyar mota cikin watan Afrilu, sanyi gare su ba jin daɗi ba ne, magani ne.

Rabon mai mota

Sauran abin da ya rage ba ya bukatar mai gyara. A riƙa kunna kilim na minti 10 kowane mako, har cikin hunturu, domin mai ya zagaya ya jiƙa robobi kada su bushe su tsage. Yawancin yoyon da ake ganowa a Maris, a watannin hutun nan ya fara. A wanke kondansa da ruwa marar ƙarfi bayan hunturu da bayan damina, ban da famfon wankin mota mai tsananin feshi, wanda ke lanƙwasa haƙarƙarinsa. A kakkaɓe matatar ƙura ko a canja ta, ba tare da jiran adadin kilomitar da aka rubuta don hanyoyin Turai ba. A nemi inuwar bedi a ajiye mota. Motar da ta wuni a rana cikinta yana iya wuce digiri 60, saboda haka a sauke gilasai a yi ƴar tafiya zafin ya fita kafin a rufe a kunna. Kada a bar yaro a cikin rufaffiyar mota ko da na shiga kanti ne a fito. Kada kuma a kwanta barci cikin mota a tsaye inji yana aiki, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari kuma tana kisa. A doguwar tafiya da mutane da yawa, a riƙa barin iskar waje ta shigo lokaci-lokaci, don iskar da ake ta juyawa a ciki tana sa direba gyangyaɗi.

Akwai kuma sabon abu da ya fara isowa. Tun daga 2017 dokar Tarayyar Turai ta hana sayar da sabuwar mota mai R134a, galibin masu ƙerawa suka koma wani gaz mai lamba R1234yf, wanda ɗumamarsa ba ta kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na tsohon ba. Waɗannan motoci yanzu sun kai shekarun da ake lodo su zuwa Afirka. Sabon gaz ɗin ya fi tsada nesa ba kusa ba, yana iya kamawa da wuta kaɗan, kuma bakin da ake ɗura shi ya bambanta da na R134a, da gangan aka yi haka don kada a gauraya. Motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin su Toyota Prius, kwamfaresansu da wuta yake juyawa, kuma yana da mansa na musamman wanda ba ya ɗaukar lantarki. In aka zuba masa man da aka saba, ana iya lalata shi, a kuma jefa mai taɓa motar cikin haɗari. Duk wanda zai sayi mota daga cikin waɗannan, kafin a gama ciniki ya ɗaga murfin inji ya karanta ƴar takardar nan, ya kuma tambayi mai gyaransa a Maraɗi ko yana da bakin tiyon da zai shiga.